Leƙa Cikin Bututu Kafin A Tona: Batun Ruwan Sha A Batsari Da Safana

Bututun ruwa yana tsufa ne a inda ido ba ya kaiwa. Da wanda aka binne a gefen titi, da wanda aka cusa cikin bango, da wanda aka zura cikin rijiyar burtsatse, duk suna yin tsatsa, suna tsagewa, suna toshewa shekara da shekaru ba wanda ya sani, sai ranar da ruwa ya ɗauke ko ya fito ja. A ƙananan hukumomin Batsari da Safana, a yammacin Jihar Katsina, nauyin wannan matsala ya fi faɗawa kan rijiyoyin burtsatse, domin su ne ƙashin bayan ruwan shan jama'a, tun daga Ruma da Wagini har Runka, Zakka da Babban Duhu. Akwai na'urar da aka ƙera domin wannan aiki, wato kyamarar da ake zurawa cikin bututu a ga halin da yake ciki kafin a yanke shawarar gyara shi ko sauya shi.

Ƙasar wannan yanki tana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, irin wanda ya fito fili a duwatsun Ruma da kewaye. A irin wannan wuri ruwan ƙarƙashin ƙasa ba shimfiɗe yake ko'ina ba. Yana taruwa ne a ruɓaɓɓen dutsen da ke sama-sama, da kuma cikin tsagar dutsen da ke can ƙasa. Shi ya sa ake haƙa rijiya a sami ruwa, a matsa taku ɗari a haƙa wata a tarar da ƙura. Saboda haka duk rijiyar da aka dace ta faɗa kan ruwa dukiya ce babba, kuma barin ta ta mutu saboda ruɓewar bututu asara ce da ba lallai sabon haƙa ya mayar da ita ba. Dam ɗin Zobe da ke kusa da Dutsin-Ma, maƙwabciyar Safana, an kammala shi tun 1983, amma sai a watan Yulin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe kashin farko na aikin tace ruwansa da tura shi cikin garuruwa. Ko da ruwan dam ya isa manyan garuruwa, ƙauyukan da ke nesa da babban layi za su ci gaba da dogara ga rijiya har zuwa wani lokaci mai tsawo.

Rijiyoyin karkarar Arewa ba sa'o'in juna ba ne. Akwai na zamanin hukumar DFRRI da aka kafa a 1986, akwai na zamanin PTF a shekarun 1990, sai waɗanda ƙananan hukumomi, hukumar RUWASSA ta jiha, UNICEF, 'yan majalisa da masu hannu da shuni suka haƙa daga baya. Mafi tsufa a cikinsu sun doshi shekara 40. Kowane zamani da irin bututun da ya zo da shi, kuma kaɗan ne daga cikinsu ke da wata takarda a ƙauyen da ke nuna zurfin rijiyar ko abin da aka zura a ciki.

Rijiyar burtsatse tana da bututu iri biyu, kuma rashin bambanta su ne ke jawo yawancin kuskuren gyara. Na farko shi ne babban bututun da ke riƙe bangon rami, wanda masu haƙa ke kira kesin, faɗinsa inci huɗu ko biyar a yawancin rijiyoyin ƙauye. A daidai inda ruwa yake, ana sa wani yanki nasa mai ƙananan tsaga, wato rariya, a zuba tsakuwa a bayansa domin ruwa ya shigo yashi ya tsaya a waje. A sama kuma ana toshe bayan kesin da siminti don kada ruwan dauɗa ya gangara ta gefe. Bututu na biyu shi ne siriri da ke rataye a tsakiya, wanda ke hauro da ruwa. A famfon tuƙa-tuƙa irin India Mark II yana zuwa ne gaɓa-gaɓa, kowace mita uku, an ɗaure su da zare, da sandar ƙarfe a ciki, da silinda a can ƙarshe. A rijiya mai sola ko janareta, injin sumo ne ke rataye a ƙarshensa. Siririn bututu ana iya zaro shi a duba da ido. Kesin kuwa idan ya shiga ya shiga ke nan, ba a ƙara ganin sa sai da kyamara.

Babban abokin gabar siririn bututu shi ne tsatsa. Wanda aka fi amfani da shi shekaru da dama shi ne na ƙarfe mai rufin tutiya, wanda makanikai ke kira GI. Rufin tutiyar ne ke kare ƙarfen, kuma ruwa mai ɗan tsami yana cinye shi. Ana auna wannan tsami da ma'aunin pH, inda 7 ke tsakiya. Tun shekarun 1980 binciken da aka yi a kan famfunan Afirka ta Yamma ya nuna cewa idan ruwan rijiya ya sauka ƙasa da 6.5, bututun GI ba ya daɗewa. Wani a cikin shekara biyu ko uku yake hujewa, alhali a ruwa mai daɗin sha'ani sai ya yi shekara 20. Ruwan da ke fitowa daga tsohon dutse sau da yawa yana karkata wajen tsami, amma rijiya da rijiya suna bambanta, don haka aunawa ce ke raba gardama, kuma awon bai fi 'yan mintoci ba.

Matan da ke zuwa ɗibar ruwa su ke fara ganin alamun. Bokitin farko na asuba yakan fito ja ko ruwan ƙasa-ƙasa. Farin kaya ya yi tabo a wurin wanki, shayi ya yi baƙi, tuwo ya sauya launi, ruwan ya riƙa ƙarnin ƙarfe a baki. Ma'aunin ingancin ruwan sha na Najeriya ya kayyade ƙarfen da ke cikin ruwa kada ya wuce miligiram 0.3 a kowace lita, kuma famfo mai tsatsa yana ninka wannan sau da yawa. Ƙarfen kansa ba shi ne babban haɗari ga lafiya ba. Haɗarin shi ne mutane su ƙyamaci ruwan su koma tafki ko buɗaɗɗiyar rijiya. Akwai gwajin da ba ya buƙatar na'ura: idan aka ci gaba da bugawa jan ya washe bayan 'yan bokitai, daga bututu yake, idan ya ƙi washewa, daga ƙasar yake fitowa, kuma sauya bututu ba zai magance shi ba. Haka nan yoyo. Famfo mai lafiya, idan aka bar shi ya huta rabin awa, bai kamata ya wuce bugu biyar kafin ruwa ya fito ba, kuma bugu 40 a cikin minti guda ya kamata ya ba da lita 15 ko fiye. Famfon da yara ke rataye a jikinsa suna bugu talatin kafin ya tofo ruwa, bututunsa ya huje ko robar silinda ta cinye.

Idan aka yi biris da waɗannan alamu, ƙarshen abin ɗaya ne. Tsatsa ta fi cin wurin zare, domin nan ne ƙarfe ya fi siranta, sai wata rana gaɓar ta tsinke, silinda da sauran bututun su faɗa ƙasan rijiya. Daga nan makaniki zai zura ƙugiya yana lalube a makance. Wani lokaci ya dace, wani lokaci ƙugiyar ta fasa kesin ko ita ma ta maƙale. Bayan kwana biyu a ce rijiya ta mutu, a rubuta wa ƙaramar hukuma takardar neman sabuwa.

Kyamarar duba bututu iri uku ce. Akwai ta turawa da hannu, wadda kanta bai fi babban yatsa kauri sosai ba, yana maƙale a bakin wata sanda mai lanƙwasa da ake naɗewa a gammo, tsawonta daga mita 20 zuwa 60. Ita ce ta bututun gida da magudanar banɗaki. Akwai mai tayoyi da ake tuƙawa daga waje, ta manyan magudanan birane, wadda ba ta da wani aiki sosai a Batsari ko Safana. Sai ta rijiya, wadda ita ce ta fi dacewa da yankin. Kanta dogo ne, na ƙarfe mara tsatsa, an rufe shi yadda zai jure nauyin ruwa, da ƙananan fitilu kewaye da idonta. Tana rataye a jikin waya mai ƙarfi da ake warwarewa daga kan ƙafa uku. Mai kyau tana da ido biyu, ɗaya yana kallon ƙasa, ɗaya yana juyawa yana kallon bango. A sama akwai allo da batir, kuma a gefen hoton lamba tana gudu tana nuna mita nawa aka sauka. Aikinta ɗaya da na'urar da likita ke zurawa ta maƙogwaro ya ga gyambon ciki kafin ya ce a yi tiyata.

Aikin dubawa yana farawa ne tun kafin kyamara ta zo. Sai an cire kan famfo an zaro bututun gaɓa-gaɓa, an jera su a kan katako ko tabarma mai tsabta, ba a kan ƙasar da dabbobi ke takawa ba. A nan ma ana karanta labari: gaɓar da ta yi ƙuraje, wadda ta huje, da inda alamar ruwa ta tsaya. Sai a rufe bakin rijiya a bar ta ta kwana, domin zaro bututu yana tayar da laka, kuma kyamara ba ta gani a cikin ruwa mai gurɓata. Wannan yana nufin unguwa za ta yini biyu ba ruwa, don haka wajibi ne a sanar da mai unguwa da kwamitin famfo tun da wuri kowa ya tanadi na sha. Kashegari a wanke kan kyamara da wayarta da ruwan kulorin, a daidaita lambar awo a kan sifili daidai bakin kesin, a fara sauke ta sannu a hankali.

Mitocin farko busassu ne, amma a nan ake kama wata muguwar matsala. Idan aka ga ruwa yana tsattsafowa ta mahaɗar kesin a mita uku ko biyar, ko aka ga saiwar itace ta kutso, to ruwan sama-sama yana shiga rijiyar, wato ruwan da ya bi ta kwata, ta turken dabbobi, ko ta gefen masai. Daga nan kyamara ta taɓa fuskar ruwa, a rubuta zurfin. A ƙarƙashin ruwa ana tsayawa a kowace mahaɗa a juya ido a ga ko ta zame ko ta tsage. Idan aka iso rariya, a nan ake daɗewa. Rariya mai lafiya tsagoginta a buɗe suke, har ana hango tsakuwa a bayansu. Wadda ta toshe kuwa za a ga wani jan yauƙi ya lulluɓe ta, aikin wasu ƙwayoyin halitta masu rayuwa a kan ƙarfen ruwa, ko wani ɓawo mai tauri ya like tsagogin. Rariyar da ta fashe ana ganin yashi yana kwararowa ta wurin. A rijiyoyin dutse, ƙasa da kesin sau da yawa rami ne tsirara, kuma ana iya ganin ainihin tsagar da ruwa ke fitowa. A ƙarshe kyamara ta sauka a kan abin da ke ƙasa: laka, tsakuwar da yara suka jefa, igiya, sifana, ko silindar da ta faɗa shekara biyar da suka wuce. Idan an haƙa rijiya mita 50 amma kyamara ta tsaya a 38, mita 12 sun cike ke nan.

Kowane abin da aka gani da maganinsa, kuma farashinsu ba ɗaya ba ne. Rijiyar da laka ta cike ana hura ta da kwamfaresa a yini guda. Rariyar da ta toshe ana goge ta da buroshi, a sa mata magani, a sake hurawa. Abin da ya faɗa, tunda an ga yadda yake kwance da zurfin da yake, ana ƙera masa ƙugiyar da ta dace da shi a wurin mai walda. Kesin da ya tsage a wuri guda ana iya zura masa wani ƙarami a ciki idan faɗin ya isa. Wani lokaci ma rijiyar lafiyarta ƙalau, ruwa ne ya ja baya da rani ya bar silinda a sama, sai a ƙara gaɓa biyu magana ta ƙare. Akwai kuma rijiyar da kesin ɗinta ya murƙushe ko ramin ya rufta. Wannan ba ta gyaruwa, kuma sanin haka ma riba ce, domin an huta da zuba kuɗi a rami. Irin wannan sai a cike ta da siminti, don buɗaɗɗiyar matacciyar rijiya hanya ce da dauɗa ke bi ta isa ruwan maƙwabtanta.

Kyamara tana da iyaka, kuma mai sayar da aikin da ya ɓoye wannan ba shi da gaskiya. Ba ta ganin bayan bututu, don haka ba za ta faɗi ko an zuba simintin da ya kamata ba. Ba ta auna kaurin ƙarfen da ya rage. Ba ta faɗin yawan ruwan da rijiya za ta bayar, wannan sai an yi gwajin jan ruwa na sa'o'i. Ba ta ganin ƙwayar cuta, ruwa yana iya zama garau a allo yana ɗauke da kwalara, sai an kai shi ɗakin gwaji. Sannan kyamarar da ta shiga bututun banɗaki haramun ne ta shiga rijiya ko layin ruwan sha, komai wankin da aka yi mata.

A cikin garuruwan Batsari da Safana da sauran manyan garuruwan yankin akwai wani rukunin bututun, wato layukan da ke ɗaukar ruwa daga tankin sama zuwa famfunan unguwa, makarantu, asibitoci da gidaje. Matsalarsu ta fi ta yoyo kawai. Ruwan irin waɗannan layuka ba kullum yake zuwa ba, sai rana ta ɗaga sola ta kama, ko an sami man janareta. Lokacin da ruwa ke ciki, ƙarfinsa yana turo shi waje ta hujin. Da zarar an kashe, bututun ya zama fanko, sai ya zuƙo abin da ke kewaye da shi. Idan ya ratsa ta lambatu, ruwan lambatu zai zuƙa, kuma shi ne zai fara fitowa a famfo idan an sake kunnawa. Duk wanda ya zaga unguwannin garuruwan Arewa ya ga siraran bututan roba kwance cikin kwata, an ɗaure inda ya fashe da tsumman tayar keke. A 2021 Najeriya ta sami mutum fiye da 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, fiye da 3,600 suka rasu, kuma Katsina na cikin jihohin da abin ya shafa sosai. Ba duka daga bututu ba ne, amma wannan na ɗaya daga cikin ƙofofin da cutar ke shiga. A siraran layuka irin waɗannan kyamara ba ta cika amfani ba. Abin da ya fi aiki shi ne bin layin da ƙafa da rani a nemi inda ƙasa ta jiƙe ko ciyawa ta yi kore ita kaɗai, da sa kunne a sandar saurare da dare, da rufe duk famfuna a ga ko tanki yana raguwa. Ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da kimanin jarka guda a kwana ɗaya.

A gidaje da makarantun kwana da asibitoci masu banɗakin zamani, kyamarar turawa tana hana ɓarna. Bututun da ke zuwa ramin sokawe yakan toshe da leda, da yashin wanke-wanke, da saiwar bedi da ke bin danshi ta shiga ta mahaɗa. A da sai a fasa daɓe tun daga ƙofar banɗaki ana nema. Kan kyamarar yana da wata 'yar na'ura mai aika sigina, mai aikin ya bi ta sama da abin karɓa ya sa alama daidai wurin, a fasa tayil huɗu maimakon tsakar gida duka.

Sauya tsohon bututu ba a yin sa da irin abin da ya kashe na farko. Inda awo ya nuna ruwa mai tsami ne, mayar da GI zubar da kuɗi ne, sai bututun roba mai ƙarfi na uPVC da aka yi musamman don rijiya, ko ƙarfe mara tsatsa na gaske. Kasuwa cike take da jabu mai ƙyalli wanda ke tsatsa cikin shekara guda. Kuma haɗa ƙarfe mara tsatsa da GI a layi ɗaya yana sa GI ɗin ya ruɓe da sauri fiye da da, don haka sauya rabi a bar rabi ba tattali ba ne. Famfon Afridev, wanda ke aiki har zurfin mita 45, da bututun roba yake zuwa, kuma ana zaro kayan cikin silindarsa ba tare da an ɗaga bututun ba, abin da mutum biyu a ƙauye za su iya. A layukan gari, baƙar roba ta HDPE da ke zuwa a naɗe mita 50 ko 100 ta fi, saboda mahaɗarta kaɗan ce, kuma yawancin yoyo a mahaɗa yake. A cikin gini, PPR da ake haɗawa da zafi ya kori GI a yawancin sababbin gidaje.

Kayan kirki ma aikin banza yana kashe su. Bututun roba kala-kala ne: na ruwa mai ƙarfi daban, na magudana daban, na wayar lantarki daban, kuma sa mara kauri a wurin mai kauri shi ne ha'incin da ya fi yawa a wannan sana'a. Roba ba ta son rana, wadda aka bari a fili takan bushe ta riƙa karyewa. A binne ta aƙalla santimita 60, ya fi haka inda mota ko amalanke ke bi, a shimfiɗa mata yashi mai laushi don tsinin dutse kada ya huda ta, musamman a ƙasa mai marmara. Kada layi ya bi cikin kwata. Inda dole ya tsallaka, ya bi ta sama a cikin wani bututun da zai kare shi. A cika layin da ruwa a gwada shi kafin a mayar da ƙasa, a wanke shi da kulorin kafin kowa ya sha. Idan aka ci karo da tsohon bututun asbestos, irin wanda aka shimfiɗa a garuruwan Najeriya da yawa tsakanin shekarun 1960 da 1980, kada a yanka shi da inji a bushe, domin ƙurarsa tana illata huhu. Rijiya kuma ta nisanci masai da mita 30.

A Turai da Amurka yanzu ana sabunta bututu ba tare da tona titi ba. Tun 1971 aka fara a Landan da dabarar zura wani yadi mai gam a cikin tsohon bututu, a hura shi ya manne, ya daskare ya zama sabo a cikin tsoho. Dabara ce mai tsada da ta dace da birnin da tona titinsa ya fi bututun kuɗi. A garin da yawancin lunguna ba kwalta, ga matasa masu neman aikin yi, diga da shebur sun fi araha.

Kyamarar rijiya ta fi ƙarfin kwamitin famfo na ƙauye, kuma ba ya buƙatar mallakar ta, tunda rijiya ɗaya ba ta neman dubawa sai bayan shekaru ko idan ta sami matsala. Wurinta shi ne sashen ruwa da tsabta na ƙaramar hukuma, ko ofishin shiyya na RUWASSA, ko hannun wani makaniki da aka horar yana yi ana biyan sa. Kuɗinta bai kai na haƙa rijiya mai sola guda ɗaya ba. Hanyar samun kuɗin ma akwai ta, domin Katsina na cikin jihohi bakwai da aka fara shirin SURWASH da su, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2021 da dala miliyan 700 don inganta ruwa da tsabta a birane da karkara. Horarwa kuma ba sai an je nesa ba: Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa tana Mando a Kaduna, ga Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma, ga Kwalejin Hassan Usman a Katsina.

Halin tsaron yankin ya ƙara wa wannan magana nauyi. Shekarun da aka yi ana fama da 'yan bindigar dajin Rugu sun tilasta wa mutanen ƙauyuka da dama komawa cikin Batsari da sauran manyan garuruwa, sai rijiyar da aka yi wa mutum ɗari uku ta koma shayar da ninkin haka, tun asuba har dare, kayanta suna cinyewa kafin lokacinsu. A ƙauyukan da aka bari kuma famfuna sun yi shekaru ba a taɓa su ba, tsatsa ba ta tsaya ba, wasu an kwance kawunansu an bar baki a buɗe. Duk inda jama'a ke komawa gida, rijiyarsu na buƙatar a duba ta, a hura ta, a sa mata kulorin kafin a sha. Motar haƙa rijiya babba ce, tana tafe da kwamfaresa da ma'aikata, tana kwana a wurin aiki, kuma ba kowane ɗan kwangila ke yarda ya kai ta bakin daji ba. Kyamara da batirinta kuwa a bayan babur ake ɗaure su, a je da safe a dawo kafin la'asar.

Amfanin kyamara mafi girma yana kan sabuwar rijiya ne, ranar da ɗan kwangila zai miƙa aiki. Ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan a rubuta mita 60 a takarda a haƙa 40, ko a sa rariya inda ba ruwa, ko a tsaga kesin da zarto a ce rariya ce, ko a zura roba mara kauri da za ta murƙushe bayan damina biyu. Najeriya tana da ƙa'idar haƙa rijiya a rubuce tun 2010, amma abin da ke mita 40 a ƙarƙashin ƙasa ba mai tabbatar da shi daga ofis. Gani ya kori ji. Idan aka sa a cikin kwangila cewa ba za a biya kuɗin ƙarshe ba sai an sauke kyamara a gaban injiniya da dagaci da kwamitin famfo, mai aikin gaskiya ya sami shaida, mai ha'inci kuma ya sake sana'a. Hoton da aka ɗauka a ajiye shi a ƙaramar hukuma, a tura wa sakataren kwamiti kwafi a wayarsa, a rubuta zurfin rijiya da zurfin silinda da irin bututun da shekarar da aka sa shi a jikin dandamalin siminti, inda makanikin da zai zo bayan shekara goma zai gani.

Kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Batsari da Safana, da kansilolinsu, da 'yan majalisar da ke wakiltar yankin, shi ne kafin su sa hannu a kan kwangilar sabuwar rijiya a kasafin bana, su sa a ƙirga matattun da ke kowace mazaɓa, a sauke kyamara a cikin kowace ɗaya, a ware masu gyaruwa a fara da su.